Kaka ta fi tsoron rago da mai shan jini

Muna ɓarar gyaɗa a gidanmu na Yekuwa, ina ba ƙanwata labarin wani littafin soyayya mai ban dariya: saurayin jinin mutane yake sha, kuma in rana ta taɓa shi sai ya ƙone. Ashe Kaka tana ji.

Na zaci za ta yi salati. Sai ta ce, "Jinin da sauƙi, sauro ma sha yake. Amma wanda ba ya shiga rana, wa zai yi masa noma?"

Ban gama dariya ba ta juyo kaina. "Shi dai yana da uzuri. Naki saurayin da ke barci har azahar fa?"

Wallahi sai da gyaɗar hannuna ta zube. Jibi iyayensa za su zo neman aurena, kuma Baba ba ya tsallake maganar Kaka.

Jama'a, in lallashi Kaka ne, ko in saya masa fartanya?