Marigayi Mai Bene da Sa Hannun Tela

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayi a shekarar 1952, a garin da ya rayu kuma ya rasu a cikinsa. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa ungozoma. Bayan ya kammala sakandare a 1971, ya kama aikin akawu a ma'aikatar ruwa, inda aka san shi da kulle aljihun teburinsa ko da alwala zai fita.

Aure da Gida

A 1978 ya auri wata malamar asibiti. A 1984 ya sayi tsohon gida mai ɗaki shida, ya gyara, ya zauna a biyu, ya zuba 'yan haya a sauran, bisa sharaɗin ko ƙusa ba a bugawa sai da izininsa. Ya yi rufin kankare da matattakala, ya bar rodi a tsaye domin hawa na biyu, wanda ya ƙudurta zai bar wa 'ya'yansa. Daga nan unguwa ta raɗa masa Mai Bene.

Jan Fenti

A 1989 ya fara ɗora bulo ba da izinin hukumar tsara gari ba. Jami'i ya zo ya shafa wa bangon jan fenti, ya ce a dakata sai an kawo zanen gini da sa hannun maƙwabcin da tagogin sama za su leƙa tsakar gidansa, wato Tela.

Marigayi ya tuna cewa ana gobe jami'in zai zo ya ga Tela a ƙofar shago, tef a wuya, yana kallon rodin.

"Shi ya kai ƙarata," in ji shi.

Matarsa ta ce, "Haba Baban yara! Mutum ba zai ɗaga kai ba kuma?"

"Tela allura yake kallo. Me ya kai idonsa sama?"

Shekarun Jira

Zanen ya samu a shekarar, amma wurin Tela bai je ba. Ya bi ta hannun dillalai da wani lauya, kowa ya dawo masa da magana ɗaya: sai maƙwabci. Ya mayar da ɗinkinsa wata unguwa. Ya sallami ɗan haya guda saboda ya gane ɗinkin Tela a wuyan rigarsa. Kullum safe Tela kan gaishe shi. Ya amsa, sannan ya wuni yana binciken manufar gaisuwar. Ya yi ritaya a 2012. A lokacin matarsa ta daɗe da ɗaure igiyar shanya a jikin rodin.

Rasuwa

Ya rasu a 2021 bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a maƙabartar unguwa. Tela na cikin masu ɗaukar makara. Ba a taɓa tabbatar da wanda ya kai ƙarar ba, ko ma an kai ta.

Bayan zaman makoki 'yar autarsa ta karɓo sabuwar takardar sa hannu daga hukumar ta kai shagon Tela.

Tela ya ce, "Ina zan sa, 'yata? Taga dai ta kalli titi, shi ke nan."

"Baba, da shi ya zo da kansa fa?"

"To wa nake jira? Duk gaisuwar nan kin zaci ta mece ce?"

Izini ya fito a 2022. Birkila ya hau ya duba, ya ce tsatsa ta cinye rodin, aka yanke.

Marigayi ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Babangida direba, Malama, Ɗan Tsakiya mai gyaran waya, da Auta. Matattakalar tana nan, ana hawa a shanya kaya.