Hanyar da Yaya Ya Gano

Likita a Garuwa ya ce Inna ta riƙa tattaki saboda hawan jini. Yayana, sarkin iyawa, ya ce ya gano mana hanya mai laushi a bakin kogin Binuwai. Mu uku muka bi ta da sassafe. Can Inna ta damƙe hannuna, ta nuna ɗanyen kashi watse a kan ciyawa.

"Dorina ce ta tattake hanyar nan," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Kuma mun shiga tsakaninta da ruwa."

Ciyawa ta motsa. Muka riƙa ja da baya. Da muka fito titi, muka tarar tuni Yaya ya hau babur, shi kaɗai.