Bashin da ban nema ba

Shekara biyu rabona da Katsina, ina ɗinki a unguwar Kumbiya-Kumbiya.

Jiya na tarar wai banki na bi na bashi. Ashe yadin da na saya da katin banki makon jiya sai yanzu suka cire kuɗinsa, bayan na tura wa Inna abin da ya rage. Har da caji a kai.

Na je bankin, na ce wa wata ma'aikaciya, "Ƙanwata, yaushe na roƙe ku rance?"

Ta ce, "Baba, kuɗin ne suka maƙale a hanya."

Na ce, "Kuɗin yadi zan biya, ni na ɗinka. Cajin jinkirinku kuwa, ko sisi."

Ban tashi ba sai da suka soke shi.

Wa aka taɓa yi wa haka? Kuɗin motar gida dai dubu goma sha takwas na tara, kuma a aljihuna za su zauna, ba a banki ba.