Rancen da Baba Bai Karɓa Ba

Shekarar da nake aji bakwai, Baba ya tafi da ni banki a garin Hasahisa, don ni ce mai karanta Larabcin ofis a gidanmu. Ina laɓe a bayansa ina kallon fanka mai lanƙwasasshen fiffike ɗaya, sai ma'aikacin bankin ya miƙo takarda mai shuɗin hatimi. Na karanta a hankali. Banki ya yi alkawarin ba Baba rancen kuɗin irin alkama duk ranar da ya nema, muddin lokacin shuka bai wuce ba.

"To yanzu kuɗin suna ina?" in ji Baba.

"Ba su ko'ina, ya Hajj. Tunda ba ka karɓa ba, ba mu sa su cikin bashin da muke bi ba. Alkawari ne, a gefe muke rubuta shi."

"Ba a bi na ko sisi?"

"Ko sisi."

"Amma kuma ina da su?"

"In ka nema."

Baba bai taɓa jin dukiya mai daɗin wannan ba. Ɓarawo ba ya ɗauka, gara ba ta ci, ba a zuwa maka sallama a kanta. Ya naɗe takardar a leda, ya sa a aljihun jallabiya, ya ƙi nema. Duk mai shan shayi a zaurenmu sai ya gan ta. Inna kuwa kullum tana tuna masa an kusa sako mana ruwan ban-ruwa, ga hawasha, wato gonarmu ta noman rani, an yi mata huɗa babu iri.

Ran nan Baffa, ƙanen Baba, ya shigo ko takalmi bai gama cirewa ba.

"Yaya, hawashar nan gadonmu ce mu biyu. Rabin kuɗin nawa ne."

"Rabin me? Babu komai!"

"Jiya a ƙofar masallaci ka ce akwai."

"Akwai, amma babu."

"To mu je alƙali ya raba mana."

Da banki ya ji an shiga kotu, sai ya aiko wata takardar: an dakatar da alkawarin har a yanke hukunci. Wai su ma sun rubuta shari'ar a gefe, kusa da alkawarin, ko za ta shafe su. Baba ya nemi kuɗin a ranar, da gudu, aka ce ya yi haƙuri.

Ruwanmu ya zo ana zaman kotu na uku. Ni da Inna muka tsaya bakin hawasha muna kallonsa yana bin kunya-kunya, yana jiƙa ƙasar da ba a sa mata komai ba. Balbelu suka sauka suka yi kiwonsu. Inna ta kwance bakin zanenta, ta soka irin kuɓewa a layi biyu na gefe.

Alƙali ya yanke hukunci bayan lokacin shuka ya wuce da mako guda: a raba daidai. Da almakashin ɗinkin Inna aka raba takardar alkawarin gida biyu. Baba ya sami hatimi, Baffa ya sami adadin kuɗin.

Shekarar nan ba mu girbe alkama ba. Miyar kuɓewa kam mun sha, har Baffa yana aiko kwanonsa.