Kwantaccen Ciki

Mai kemis ɗin layinmu a kasuwar Ogbete ta Inugu shi ya jawo aka cire wa matata mahaifa. Bai taɓa ta da wuƙa ba, bai sayar mata da jabun magani ba. Takarda ya karanta mana, ya faɗi abin da babu a cikinta.

Ɗan garinmu ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. An ce ya taɓa aiki a wani asibiti a Arewa, ba wanda ya san aikin mene ne. Dakta muke ce masa. Duk wanda ya dawo daga asibiti da takarda, shagonsa yake fara zuwa kafin gida, saboda likitocin Inugu Turanci suke zubawa da sauri, mu kuwa iyakarmu buroka ta ciniki. Ni a aji biyar na firamare na tsaya. Ina haɗa baƙi, amma rubutun likita ya fi ƙarfina.

Shekararmu tara da aure ba haihuwa, sai mararta ta fara tasowa. Al'ada kuma ba ta ɗauke ba, ƙaruwa ma ta yi, sai ta kwana goma jini na zuba. Na kai ta asibiti aka yi mata sikanin. Ina tsaye aka shafa mata wani mai mai sanyi, aka riƙa goga wani ɗan abu a mararta, allon yana nuna baƙi da toka-toka kamar talabijin da ba ta kama tasha ba. Ko minti goma ba a yi ba. Likitan ya yi dogon bayani. Abin da na tsinta shi ne akwai wani abu a ciki, kuma yana so a sake dubawa. A ƙasan takardar ya rubuta haruffa uku manya, MRI, ya ja musu layi.

Dakta ya sa tabarau, ya juya takardar gaba da baya.

Ya ce, "Kwantaccen ciki ne. Ɗa ne ya kwanta, jinin nan ke hana shi tashi. Likitocin Kudu ba su san shi ba, babu shi a littafinsu."

Na ce, "To waɗannan haruffan fa, Dakta?"

"Wannan injin? Rami ne ake tura mutum. Duk abin da ke ciki dafa shi yake kamar ƙwai. So kake a dafa maka ɗa?"

Ba zan wanke kaina tas ba. Na so maganar. Dukanmu mun tashi muna jin labarin wance da cikinta ya kwanta shekara huɗu ta zo ta haihu lafiya. Na ninke takardar na jefa a gwangwanin da nake ajiye katin zaɓe.

Shekara uku muna jira. Tana shan maganin ƙarin jini daga shagonsa, cikin yana girma, ita tana ramewa. Da muka je wani suna a Anaca ta sayo bahon wanka, da shawul, da 'yan riguna farare, wai don ba a san ko mace ko namiji ba. Matan gidan hayarmu har sun daina tambaya.

Wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Wanta da ke sayar da wake a Mile 3 ya ce in kawo ta Fatakwal. Sai da aka ƙara mata jini leda biyu. Aka sake sikanin, aka sake rubuta haruffan nan uku. Na ce ban yarda ba. Sai suka kira wata nas, 'yar Kudancin Kaduna, Hausa a bakinta kamar tamu.

Ta ce, "Oga, me kake sayarwa?"

Na ce albasa.

"To sikanin kamar ka lallatsa buhu daga waje ne. Za ka san da kaya, in kaɗan ne ma ka ƙirga su. In buhun ya cika maƙil, na baya sun ɓuya. Wancan injin kuwa kamar ka yanka albasa ne ka ga kowane layi, amma ba wuƙa. Zai nuna ƙari nawa ne, ina kowanne ya zauna, ko kuma bangon mahaifar ne kansa ya kumbura. Ba ya dafa komai. Sannan babu ɗa a nan. Wannan kam sikanin ma ya isa ya gani."

Aka sa ta cire 'yan kunne da awarwaro, aka tura ta ciki. Fiye da rabin awa injin yana ƙara kamar na markaɗe. Ta fito lafiya lau, ƙarar kawai ta dame ta.

Ƙari ne, sun cika mahaifar sun murɗe ta. Na ɗauko tsohuwar takardar da na taho da ita, nas ɗin ta karanta mini layi-layi. A layin farko an rubuta babu ciki. Ƙari uku aka gani a lokacin. Likitan Inugu ya nemi wancan hoton ne don ya san wurin zamansu, a cire su a bar mata mahaifa. Na tambayi likitar Fatakwal ko da a ce mun zo tun lokacin, da ta samu haihuwa. Ta ce ba za ta rantse ba, amma da an gwada. Yanzu kuwa in ba a cire duka ba, jinin zai tafi da ita. Na sa hannu.

Bayan mun dawo Inugu da sati biyu, matata ta ce in fitar da bahon daga ɗakin, ba ta son ganinsa. Na haɗa da shawul da rigunan na nufi layinmu. La'asar ce, Dakta yana zaune da mutum huɗu, takardar wani a hannunsa.

Ya ce, "A'a, mutanen Fatakwal! Ya mai jiki?"

Na ɗora bahon a kan kantarsa, na shimfiɗa takardar a ciki.

Na ce, "Layin farko cewa ya yi babu ciki. Ko ba ka iya karantawa ba, ko ka iya ka yi mini ƙarya, ban damu in san wanne ba. Da ka ce mini ba ka gane ba, da na nemi wani. Ga kayan ɗan da ka ce yana kwance. Ka ajiye su a nan. Ranar da ya tashi, kai za ka yi masa wanka."