Sunan da Aka Daina Kira a Gidan Yaya Rabi

Fita daga Yamai

Na bar gida ana kiran assalatu, jaka a kafaɗa, ledar dabino a hannu. Ga wanda bai san ni ba, ni malamin jami'a ne, farfesa a fannin lafiyar tunani. Abin da nake koyarwa, nake kuma bincike a kai, shi ne yadda mutum zai tattara hankalinsa kan abin da yake ciki yanzu, da yadda zai karɓi baƙin ciki ya zauna da shi maimakon ya yi ta kokawa da shi. Ɗalibaina sun ce muryata kaɗai tana sa mutum natsuwa. Matata ta ce barci take sa su, kunyata kawai suke ji.

Abin da ya tashe ni ba na dariya ba ne. Yayata Rabi, wadda ta goya ni a bayanta, ta rasa ɗanta na fari, Haruna. Maciji ya sare shi a gona da damina. Na je an yi zaman makoki da ni, na dawo. Bayan sadakar arba'in sai mijinta, Malam Sule, ya bugo mini waya.

"Yayarka ta bar cin abinci," in ji shi. "Ba ta kuka, ba ta magana, sai rama. Likita ya ce babu ciwo ga jiki. Kai anka ce kana gyaran hankali, ka taho."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai wannan aikina ne. Allah ya yafe mini irin muryar da na faɗi haka da ita.

A tasha na samu motar Filinge ta kusa cika. Aka ba ni wurin da buhun albasa ya tokare mini gwiwa, ga rago a ƙarƙashin kujera yana shinshinar takalmina. Na ce sai an sauya mini wuri. Direba ya ce, "Alhaji, yi hanƙuri." Na ce kada ya ƙara ce mini haƙuri. Na yi ta faɗa har gari ya waye, daga ƙarshe na zauna inda aka ce in zauna.

Hanyar Baleyara

A shingen farko aka sauke mu duka, kowa da katinsa a hannu. Jandarman ya duba nawa, ya dube ni.

"Farfesa? Me kake koyarwa?"

Na ga bayanin zai yi tsawo, sai na ce, "Natsuwa."

Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni a mota ta riƙe haɓa. "Wanga? Tun Yamai shika hwaɗa, ɗana. Har da ragon."

Jandarman ya miƙo mini katina yana danne dariya. Ban sake ɗaga murya ba har Baleyara, amma a zuci na gama da tsohuwar nan.

A Baleyara muka tsaya da hantsi. Mata suka kewaye motar da Zabarmanci, da tasoshin kopto, wato kwaɗon zogale. Na saya, na haɗa da gasasshen nama. A aji nakan ba kowane ɗalibi dabino ɗaya, in ce ya dube shi, ya shinshina, ya tauna a hankali har ya san abin da yake ci. Ni kuwa a tsaye na haɗiye nawa, ido na kan mota kada ta tashi ta bar ni. Sai da muka yi nisa na tambayi kaina ko akwai gishiri a ciki.

Bonkuku

Kafin mu shiga Bonkuku taya ta fashe. Ta canji ma ba iska. Direba ya tafi da ita cikin gari, mu muka watsu ƙarƙashin itatuwa. Gero ya nuna ko'ina, wasu har sun fara ɗaure dammuna.

Na ce bari in yi abin da nake sa mutane. Na rufe ido, na bi numfashina. Ban yi nisa ba na gane abin da yake sa ni faɗa tun asuba. Tsoro nake ji. Idan na je na kasa fa? Matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki tana bushewa a tsaye, ni kuma abin da na riƙo mata dabino ne da lacca. Na buɗe ido da sauri, na tashi na je ina taya masu sa ido jiran direba.

Filinge

Bayan la'asar muka shiga Filinge. Yanzu ba mai kama hanyar ƙauye da yamma, don haka na kwana gidan wani abokin karatuna bayan kasuwa. Aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka, na ci kaɗan. Da safe na sami amalanken jaki mai komawa ƙauyenmu, na hau kan buhunan gishiri, ina farfesa.

Gida

Na same ta zaune a ƙofar ɗaki. Zanen jikinta ya yi mata yawa. Ta dube ni ta ce, "Auta, ka taho?" Shi ke nan gaisuwar. Ƙwaryar fura na gefenta a rufe da faifai, ba a taɓa ba.

A nan sai in tuna wa na birni wani abu. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, don kara. Tun da aka haifi Haruna, Yaya Rabi "yaron nan" take cewa, ko "kai". Bayan rasuwarsa kuma gidan duka suka ajiye sunan don tausayinta. Mata na shigowa suna cewa, "A ƙara hanƙuri, Allah shi jiƙan mamacin." Malam Sule ma ya ja ni gefe ya gargaɗe ni kada in ambace shi. Na ce na sani. Ban ga komai a cikin wannan ba, na ɗauka ladabi ne kawai.

Bayan azahar na fara aiki. Na ciro dabino ɗaya na sa mata a tafin hannu.

"Yaya, dube shi da kyau. Kamar ba ki taɓa ganinsa ba."

Ta dube shi, ta dube ni. "Dabino na, Auta. Na san shi tun ba a haihe ka ba."

"To ki shinshina."

"Shi anka tura ka makarantar lakkwal ka koyo?"

Ta ajiye shi kan faifai. Kaza ta zo ta ɗauke. Ranar ta wuce haka, ita ruwa kawai ta sha, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Washegari da hantsi na sake gwadawa, don ban san wani abu ba. Na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa, na roƙe ta ta zauna. Ta zauna don kada ta kunyata ni. Malam Sule na gefe yana gyaran igiya, yana satar kallonmu.

Na sa muryar nan tawa ta aji. "Rufe ido, Yaya. Ki ji iska na shiga tana fita. Duk abin da ya zo miki a zuciya kada ki kore shi. Ki bar shi ya zo, ki kira shi da sunansa."

Na rufe nawa idon don in nuna mata yadda ake yi. Ita ban san abin da ya zo mata ba. Ni dai abin da ya zo mini shi ne tashar Filinge, da wani dogon saurayi yana ƙwace jakata yana cewa, "Kawu, kullum kayanka takardu, ba tsaraba." Shekaranjiya ba wanda ya karɓi jakar nan. Kafin in kama bakina na ce, "Haruna." Sai kuka, irin na yaro, har da majina.

Malam Sule ya yar da igiya ya taso. "Subhanallahi, Malam. Mi na ce maka?"

Kunya ta rufe ni. An kira ni gyara, ga shi na zo ina ɓarna. Na fara ba da haƙuri ina share fuska da hannun riga.

"Bar shi," in ji Yaya Rabi. Idonta a buɗe yake, ashe ba ta ma rufe ba. "Auta, sake hwaɗi."

Na ce, "Haruna."

"Sake."

Na sake. Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ni ban taɓa kiran shi ba," ta ce. "Ku ka kira, ni ina ji. Da sahe a kira, da marece a kira, ina cikin ɗaki ina jin daɗi. Yanzu duk kun bari. Sai in ga kamar ban haihe shi ba."

Malam Sule ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Can ya ce, "Haruna ya aza rumfag ga." Muryarsa ta karye a kan sunan.

A nan ta fashe da kuka, na farko tun ranar da aka kai shi. Maƙwabta suka leƙo, suka tarar da mu uku muna yi, farfesan ya fi kowa. Muka zauna har azahar, ni da Malam Sule muna ba da labarinsa, kowane labari da sunan a ciki. Yadda Haruna ya faɗa rijiya yana bin ɗan akuya. Yadda Haruna ya sayar mini da zabuwar da tawa ce. Ana cikin haka na ga ta ɗage faifai, ta ɗauki ludayi. Na yi kamar ban gani ba, wannan kaɗai na yi daidai a tafiyar nan.

Komawa

Na ƙara kwana biyu, sai da na ga ta ci tuwo. Ranar tafiya ta raka ni bakin ƙofa, ta miƙo mini ledar dabinona. "Kai ma ɗalibanka," ta ce. "Su ka da lokacin shinshina."

Motar komawa ma da buhu a gwiwata, kuma na yi faɗa, amma kaɗan. Na iso Yamai ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa abokina na Filinge da iyalinsa, da Malam Sule da ya kira ni, ko da bai sami abin da ya yi zato ba.

Ban ko cire takalmi ba wayar Malam Sule ta shigo. Muryar Yaya Rabi ce.

"Ka isa lahiya?"

"Lafiya lau, Yaya."

Ba ta kashe ba. Na gane abin da take jira, na faɗa mata sunan.

"To," ta ce. "Sai gobe."