Dattijon da Jirgin Talata Ya Bari

Shekara biyu ke nan da gadar hawa jirgin garinmu ta rufta, ba wanda ya ɗora mata ko katako ɗaya. Jirgi ya tsaya can nesa, mu kuma mu kutsa cikin teku mu tadda shi.

Yau na rako ƙanwata za ta hau jirgi, sai ga wani dattijo cikin ruwan, ban san shi ba. Ya naɗe farar rigarsa har cinya, takalma rataye a wuya, idanunsa duka biyu sun yi fari da yana. Hannu ɗaya na lalube da sanda, ɗayan na dafe da hula, don a ƙarƙashinta ya cusa takardar asibiti. Tafukansa irin na masunta ne, igiya ta cinye su. Ina jin ranar aikin ido aka ba shi a babban gari.

Ruwa na kai masa ƙugu ma'aikacin jirgi ya ɗaga murya: "Baba, amarya kake rakowa ne? Ruwa na janyewa, mu mun tafi."

"Ɗana, ga ni nan, saura kaɗan."

Suka ɗage tsani, jirgi ya tafi. Shi bai gani ba. Yana ta takawa, yana bin ƙarar inji, har na cim masa na riƙo hannunsa.

"'Yata, mun iso?"

Wani jirgin sai mako mai zuwa, likita kuwa ba jiransa zai yi ba.

Masu kula da tashar nan, ku gyara mana gada. In ba za ku iya ba, ku zo ku ba tsohon nan amsa da bakinku, ni dai na kasa.